Wa Ke Da Ikon Cewa Kada Jirgi Ya Tashi?

 Daga nan Ƙanƙara nake gaishe ku, tare da 'yan uwa na Faskari da Sabuwa, da masu kama mu a Sheme da Yankara da sauran garuruwan da ke bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau.

Sharhinmu na yau a kan jirgin sama ne. Na san wani zai ce, malam, mu da ke fama da yadda za mu kai buhun masara kasuwa lafiya, ina ruwanmu da abin da ke shawagi a sama? Ruwanmu ɗaya ne, amma ba ƙarami ba. Mutumin ƙasar nan, manomi ne ko makiyayi, akasari sau ɗaya yake shiga jirgi a duk tsawon rayuwarsa, wato ranar da Allah ya kira shi ƙasa mai tsarki. Zai tara amfanin gona na shekaru, ya haɗa da bijimai, wani har gona yake sayarwa, sannan ya biya kujera. A 2025 kuɗin kujerar ya haura naira miliyan 8. Wanda ya zuba wannan dukiya ya cancanci ya san tarihin abin da zai hau. Ga shi kuma duk lokacin da aka taso da maganar kafa sabon kamfanin jirgin sama na ƙasa, sai ka ji manya suna ta begen Nigeria Airways, kamar ba a taɓa zaman makoki a dalilinsa ba.

Kamfanin ya soma aiki ranar 1 ga Oktoba 1958, shekara biyu cif kafin samun mulkin kai. Da farko akwai hannun jarin Turawan Ingila a ciki, sai a 1961 ya koma hannun gwamnatin tarayya ɗungurungum. Tambarinsa giwa ce mai fukafukai, dattawan da suka yi aikin Hajji a wancan zamani ba za su manta ta ba. Kano kuwa ta riga kamfanin sanin jirgi da nisa, don tun watan Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila guda 3 suka taso daga Masar suka sauka a can. Shi ya sa alhazan wannan yanki namu, tun muna Jihar Arewa ta Tsakiya, har muka zama Jihar Kaduna, kafin a yanke mana Katsina a 1987, suka daɗe suna tashi daga filayen jirgin wasu garuruwa, musamman Kano da Kaduna.

Babban rashi na farko ya zo ranar 20 ga Nuwamba 1969, ana cikin yaƙin basasa. Jirgi ne ƙirar VC10 da aka sayo daga kamfanin BOAC na Ingila, ko wata biyu bai cika a hannunmu ba. Ya taso daga Landan, ya ya da zango a Rum, ya sauka Kano, ya ɗauki hanyar Legas. Saura kimanin kilomita 13 ya isa titin sauka, sai ya yi ƙasa fiye da kima ya daki bishiyoyi. Mutum 87 ne a ciki, babu wanda ya fita. Da masu bincike suka nemi na'urar da ke naɗar bayanan tafiya, wadda ake kira baƙin akwati, sai suka tarar ba ta aiki a lokacin. Don haka aka tsaya a kan zato mafi ƙarfi, cewa matuƙan ba su lura da yadda suka kusanci ƙasa ba. Ku riƙe wannan a zuci: jirgi ya ɗauko mutane tun daga Turai alhali abin da zai ba da shaida in wani abu ya faru a mace yake, kuma ba a samu wanda ya hana shi tafiya ba.

Sai Litinin 22 ga Janairu 1973. An gama aikin Hajjin shekarar, ana kwaso alhazai. Jirgi ne Boeing 707, an ɗauko shatarsa daga kamfanin Alia na ƙasar Jodan domin ya yi wa Nigeria Airways jigila. Daga Jidda Legas ya nufa, amma yanayin Legas ya ɓaci, aka karkato da shi Kano. Wanda ya san Kano a tsakiyar hunturu ya san abin da ake nufi da hazo da iska a watan Janairu. Jirgin ya sauko da tayar gaba maimakon ya fara dira da na baya, ƙafar gaban ta karye, ƙafar dama ita ma ta bi, ya juya ya fuskanci inda ya fito, ya sauka daga kan titi, wuta ta kama. Cikin mutum 202, mutum 26 ne suka tsira. An rasa 176. A ranar, babu wani hatsarin jirgin sama a tarihin duniya da ya kai shi yawan rayuka. Janar Yakubu Gowon ne shugaban ƙasa, Audu Baƙo ne gwamnan Kano.

Abin da ya biyo baya shi ne abin dubawa. Masu jirgi suka karkata ga cewa titin saukar ne ke da lahani. Ɓangarenmu kuma aka ce matuƙin ne, wani Ba'amurke da ke cikin waɗanda suka tsira. Jirgi na Jodan, matuƙi na Amurka, filin sauka na Najeriya, fasinja na Najeriya, suna na Nigeria Airways. Kowa yana da wanda zai nuna wa yatsa.

Me ya sa ake ɗauko jirgin wasu? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Aikin Hajji yana zuwa ne a dunƙule. A cikin 'yan makonni ake son kwashe dubban mutane, a kuma dawo da su cikin 'yan makonni. A 1977, lokacin da kuɗin man fetur ke zuba, alhazan Najeriya sun haura dubu 100. Babu kamfanin da zai sayi jiragen da za su ɗauke wannan taro, sannan ya ajiye su wata goma suna shan rana. Sai a je haya. Irin hayar kuma, mai jirgi ne ke zuwa da matuƙansa da makanikansa da inshorarsa, kai mai haya sunanka kawai za a kira a lasifika, lambar tafiyarka za a rubuta a tikiti. Ba mu kaɗai muke yi ba, kuma ba mu kaɗai muka sha ɗacinta ba. A Disamba 1974 jirgin wani kamfanin Holan da aka yi shata domin maniyyatan Indunusiya ya daki dutse a Siri Lanka, mutum 191 suka rasu. A Nuwamba 1978 wani jirgin shatar, na kamfanin ƙasar Aisilan, ya faɗi da alhazan Indunusiya a Siri Lankar dai, aka rasa 183. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Jiragen kamfanin na kansa ma ba su tsira ba. Ranar 1 ga Maris 1978, ƙaramin jirgi ƙirar Fokker da ya taso daga Sakkwato yana shirin sauka Kano ya yi karo da jirgin yaƙi na sojan sama, MiG-21, wanda ke atisayen sauka da tashi a filin. Mutum 16 na cikin jirgin fasinja da sojoji 2 duk suka rasu. Ranar 28 ga Nuwamba 1983 wani Fokker ɗin ya faɗi cikin hazo kafin ya kai titin Inugu, mutum 53 daga cikin 72 suka riga mu gidan gaskiya. A Janairu 1987 ƙaton jirgi DC-10 ya zarce titi a Ilori ana cikin koyar da matuƙa, ya ƙone ƙurmus, amma Allah ya kiyaye rayuka.

Yanzu bari mu zauna a kan wanda ya fi kowanne, domin shi ne aka bincika dalla-dalla, kuma shi ne ya fi nuna abin da nake son mu gane.

Alhamis 11 ga Yuli 1991, da safe, a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Jirgi DC-8 ne na wani kamfanin Kanada mai suna Nationair, yana ɗauke da lambar tafiya ta Nigeria Airways, 2120. Alhazai 247 ne a ciki, za a kai su Sakkwato, da ma'aikata 14. An yi awon kaya, an yi sallama da ƙasa mai tsarki, kowa da tsarabarsa. Can gida kuma an share tsakar gida, an tanadi abin yanka, wasu sun riga sun kama hanyar filin jirgi domin tarba.

Kwana 4 kafin wannan safiya, makanikan jirgin sun auna iskar tayoyi, suka ga biyu ba su cika ba. An ma yi niyyar sauya tayoyin a Akara, babban birnin Gana, sai saƙo ya zo daga manajan da ke kula da kwangilar cewa ana bayan jadawali, a hanzarta. Aka fasa. A takardar duba lafiyar jirgi kuma aka gyara alƙaluma, suka nuna kamar iska ta cika. Ranar tafiya, saura mintoci a tashi, fasinja sun riga sun zauna, babban bakaniken ya nemi a kawo masa iskar naitirojin ya ƙara wa tayar. Ba a same ta a kusa ba, nemo ta zai ja lokaci. Manajan, wanda ba matuƙi ba ne, ba injiniya ba ne, ya ce a bar zancen. Babu wata shaida da ta nuna an gaya wa matuƙan.

Wani zai ce, to ina laifin a ɗura iskar da muka sani? Akwai dalili. A Maris 1986 wani jirgin ƙasar Meziko ya faɗi da mutum 167, bincike ya nuna an cika tayarsa da iska irin tamu, birki ya yi zafi, tayar ta fashe a sama ta tayar da gobara. Naitirojin ba ta ciyar da wuta, shi ya sa ita ake sa wa tayar manyan jirage.

Ku zo tashar motar Ƙanƙara da asuba, lokacin da ake ɗaure kaya a kan babbar mota. Za ku ga yaron mota ya ɗauko guntun ƙarfe yana zagaya motar, yana ƙwanƙwasa tayoyin baya ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a karkace. Tayoyin nan biyu-biyu suke, kafaɗa da kafaɗa. In ɗaya ta rage iska ido ba zai gane ba, domin 'yar uwarta ta ɗauke mata nauyi, tana tsaye ƙyam kamar lafiya lau. Sai dai sauti ya tona ta: mai iska tana amsawa da ƙarfi, marar iska tana amsawa a dushe. In ya ji haka zai ce, “Oga, ta ciki ta sauka.” Direban kirki ba ya gardama, zai ce a kira mai faci ya zo da geji, ko da fasinjan da ke saman kaya suna ta ƙorafin rana za ta yi. Ya san mai iskar ce za ta fara fashewa, don ita ke ɗauke da kayan mutum biyu.

Abin da ya faru a Jidda ke nan, ba ragi ba ƙari. Jirgi ya ɗauki gudu a kan titi da cikakken lodi, cikin zafin Yuli na ƙasar Hijaz. Tayar da ke ɗauke da nauyin 'yar uwarta a ƙafar hagu ta fashe, ta biyun ta bi ta, ƙarfen ƙafar ya ci gaba da gurzar kwalta har ya yi jawur, ragowar roba ta kama wuta. A gaba matuƙan sun ji ƙara da girgiza, har sun ambaci ko taya ce, amma suka ci gaba suka tashi. Da suka tashi sai suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikinsa kamar yadda aka saba. Wato da hannunsu suka shigar da wuta cikin jirgi ba su sani ba, a wurin da babu na'urar da za ta yi musu ƙararrawa, kusa da bututun man birki da wayoyin lantarki da tankin mai.

Sai ga wani ruɗani a hasumiya. Matuƙin ya kira da sunan kamfaninsa na Kanada maimakon sunan Najeriya da aka san tafiyar da shi, ga kuma wani jirgin Saudiyya da shi ma ya ba da rahoton matsala a daidai lokacin. Jami'in hasumiya ya ɗauki mintoci yana zaton da na Saudiyyar yake magana. Ko a nan, jama'a, kun ga abin da jirgi mai suna biyu ke jawowa. Suka juyo za su sauka. Wuta ta riga ta cinye daɓen da kujerun fasinja ke kai. Abin da aka tsinta a kan hanyar da jirgin ya biyo, tun daga nisan kilomita da dama, ba abin da zan faɗa a rediyo ba ne, akwai 'ya'ya da jikokin mutanen nan da ke saurare. Ƙasa da kilomita 3 ya rage su kai titi jirgin ya faɗi. Daga tashi zuwa faɗuwa kimanin minti 10 ne. Mutum 261, babu ko ɗaya da ya tsira. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya karɓi aikinsu.

A garuruwanmu in irin wannan ta faru, abin da ake faɗa a wurin ta'aziyya sananne ne. Kwana ya ƙare. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sun dace, sun tafi da tsarkinsu, ko ƙurar gida ba su taka ba. Duk gaskiya ne, kuma da shi zuciyar uwa da ta maraya ke samun sanyi. Ni ma shi nake faɗa in na je gaisuwa. Amma wannan magana ta masu makoki ce. Idan wanda aka ba amanar rayuka ya ɗauke ta ya yafa a kafaɗa, ta zama mayafin ɓoye sakaci. Malamanmu na fiƙihu ba su taɓa cewa wanda ya yi ganganci da dukiyar wani ya tafi salin alin don an ce ƙaddara ba, balle rai. A shari'ar ma ai akwai diyya a kisan kuskure, kuma babu wanda ya ce biyanta jayayya ce da hukuncin Allah.

Kamfanin Nationair ya rushe a 1993. Amma tambayar da ta shafe mu ita ce, a wannan safiya ta Alhamis, ina wakilin Najeriya da ke da ikon ya buɗe takardun jirgin, ya ce ban yarda ba, a sauke mutanena? Kwangilar ta bi ta hannu fiye da ɗaya kafin ta isa ga mai jirgi. Duk hannun da ta bi, ya ɗauki ribarsa ya miƙa nauyin gaba.

Akwai wani ɓangaren da ya shafe mu mu kanmu, kuma ba zan tsallake shi ba don ina tsoron ɓacin ran alhazai. Duk wanda ya taɓa zaman jiran jirgi a sansanin alhazai, ko a Jidda bayan an gama aiki, ya san yadda rai ke ƙuna. Guzuri ya ƙare, dambun nama da yajin da aka taho da su sun zama labari, an kwana a kan tabarma kusa da jaka, tari ya kama kowa. Jami'i ya zo ya ce jirgi sai gobe, sai ka ga dattawan da ko ƙuda ba sa kora sun miƙe suna ɗaga murya. Wannan hayaniya tana hawa sama, daga jami'in jiha zuwa hukuma, daga hukuma zuwa ɗan kwangila, daga ɗan kwangila zuwa manaja, ta sauka a kan bakaniken da ke durƙushe a gindin taya. Ba ina wanke masu jinkirin banza ba ne, yawancin jinkirin da alhazanmu ke sha rashin tsari ne kawai, kuma haƙƙinsu ne su yi ƙorafi. Amma in aka ce an tsayar da jirgi saboda gyara, wannan jinkirin alheri ne. Sauri ya haifi nawa.

Bayan Jidda kamfanin bai ƙara miƙewa ba. Ranar 25 ga Oktoba 1993 wasu samari 4 suka yi fashin jirginsa ƙirar Airbus da ya tashi daga Legas zuwa Abuja, suna neman a mayar da zaɓen 12 ga Yuni da aka soke. Suka ƙare a Yamai, inda aka yi kwanaki ana ja-in-ja kafin sojojin Nijar su kutsa ciki, ma'aikacin jirgi ɗaya ya rasa ransa. Ranar 19 ga Disamba 1994 jirgin kaya Boeing 707 da ya taso daga Jidda zai sauka Kano ya cika da hayaƙi daga wani kaya da ke cikinsa, ya faɗi a fadamar Kirikasamma ta ƙasar Haɗeja, mutum 3 cikin 5 suka rasu. Sai 13 ga Nuwamba 1995 a Kaduna: Boeing 737 da ya biyo ta Yola da Jos ya dira bayan ya riga ya cinye fiye da rabin titin, ya kasa tsayawa, ya faɗa cikin busasshiyar ciyawa, wuta ta tashi. Mutum 11 suka rasu cikin 138. Shi ma matuƙin yana da damar ya fasa saukar, ya sake zagayowa. Bai yi ba.

Tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya sha faɗa cewa ya bar wa kamfanin jirage 32 a 1979, da ya dawo mulki a 1999 ɗaya ya tarar. A tsakanin nan har Turawan KLM na Holan an ɗauko su riƙe shi na shekara biyu daga 1979, suna tafiya aka koma gidan jiya. Bashi ya yi masa katutu, manya suna hawa kyauta, kuɗin gyara yana bin wata hanya. Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Obiora Nwazota, a 2003 kuma jiragen suka daina tashi. Ma'aikatansa dubbai suka shiga jiran haƙƙinsu, da yawa suka mutu suna jira, sai a 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta saki sama da naira biliyan 22 domin biyan wani kaso. A yi adalci, kamfanin ya yaye matuƙa da injiniyoyi na gani na faɗa, da yawansu 'yan kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964, kuma sun yi dubban sawu lafiya waɗanda babu mai tunawa da su.

Kada kuma a ɗauka mutuwar kamfanin gwamnati ce ta kawo sauƙi. 'Yan kasuwar da suka gaje shi su ma sun zubar da jini mai yawa a cikin 'yan shekaru. Mutanen Gwammaja a Kano ba su manta 4 ga Mayu 2002 ba, ranar da jirgin EAS ya faɗo a kan gidajensu, sama da mutum 100 suka rasu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. A 2005 Bellview ya tafi da 117, Sosoliso ya tafi da 108 a Fatakwal, akasarinsu 'yan makaranta. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja cikin hadari, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Wannan jerin gawawwaki ne ya tilasta gyara. A 2006 aka yi sabuwar dokar sufurin sama wadda ta ƙarfafa hukumar NCAA mai sa ido, ta kuma ware hukumar binciken haɗurra daban. A shekarar dai aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. Tun bayan faɗuwar jirgin Dana a Legas a 2012 da na Associated a 2013, ba a sake samun babban jirgin fasinja ya hallaka jama'a a ƙasar nan ba. Abin da ya sauya shi ne an samu ofishin da zai iya ɗaure jirgi a ƙasa ko mai shi waye. Yau maniyyacin da ya tashi daga Sabuwa ko Faskari, hanyar da zai bi a mota kafin ya isa filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina ta fi sararin samaniya abin tsoro, ga ramuka, ga gudu, ga waɗanda ba sai na kira sunansu ba.

Duk da haka taya ba ta daina magana ba. A Mayu 2023 jirgin Max Air, kamfanin ɗan jiharmu Alhaji Ɗahiru Mangal, ya taso daga Yola ya sauka Abuja da matsalar tayoyi, mutum sama da 140 a ciki, Allah ya sa babu wanda ya rasu. Bayan wata biyu NCAA ta dakatar da jiragen kamfanin ƙirar 737 na wani lokaci har aka duba su. Wasu a nan gida sun ɗauki abin a matsayin bi-ta-da-ƙulli ga ɗan Arewa. Ni ban ga haka ba. Irin wannan dakatarwar ce aka rasa a Jidda a 1991.

Shi kuwa sabon kamfanin ƙasa, Nigeria Air, wani ɗan jiharmu ne ya ɗauko shi, tsohon minista Hadi Sirika. An ƙaddamar da suna da tambari a Ingila a 2018. Ranar 26 ga Mayu 2023, saura kwana 3 gwamnati ta sauka, jirgi ya dira Abuja da fentin Nigeria Air, aka yi ta ɗaukar hoto. Ba a jima ba shugaban riƙo na kamfanin ya shaida wa 'yan majalisa cewa shatarsa aka ɗauko daga kamfanin jiragen Habasha. Ya koma inda ya fito, gwamnatin da ta biyo baya ta jingine shirin. Shekara 50 ke nan bayan gobarar Kano, har yanzu jirgin wasu ne da sunanmu a jikinsa. Habasha ɗin nan kuwa tun 1945 ta kafa nata kamfanin, na gwamnati ne har gobe, ta ga juyin mulki da yaƙi da yunwa, amma tana da makarantarta da wurin gyaran jiragenta a Adis Ababa, ta kuma bar masana su tafiyar da shi.

Ga jami'an alhazai na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ina da roƙo. A wurin bita ana koya wa maniyyata ɗaura harami da yawan ɗawafi da nauyin jakar da aka yarda da shi, kuma duk suna da kyau. A ƙara minti 10 a gaya musu kamfanin da zai ɗauke su, a kuma gaya musu jirgin nasa ne ko hayarsa aka yi, in haya ce daga wace ƙasa, kuma ko NCAA ta duba shi ta sa hannu. In jirgi ya makara, a faɗi dalili a fili da Hausa, kada a bar mutane da jita-jita. Hukumar binciken haɗurra, wadda tun 2022 ake kira NSIB, tana wallafa rahotanninta a intanet da Turanci mai cike da kalmomin injiniyoyi. Jigilar alhazai kuwa akasarinta masu jin Hausa ne. Taƙaita kowane rahoto a shafi ɗaya da Hausa, a aiko wa gidajen rediyo mu karanta, ba zai ci kuɗin kujera ɗaya ba.